Jeren Inna Hajo

Hajara, ke ce babba a cikin 'ya'yan Umaru, shi ya sa na kama sunanki, amma da ku duka nake magana. Labari ya iso ni cewa ranar da mata suka taru ganin kayan ɗakinki, wata ta ja ki gefe ta ce kada ki yi halin gwaggonki Sista, wadda ta tare ƙofa ta kori 'yan jere, ta sa kakarku kuka a bainar jama'a, har tsohuwa ta ɗaga mata nono. Rabin zancen gaskiya ne. Na tare ƙofa, Inna Hajo kuma ta yi kuka, da idona na gani. Ɗaya rabin ne ban yarda a binne ni da shi ba. Waɗanda suka ga abin sun kusa ƙarewa, masu yaɗa shi yanzu kuwa a lokacin ko zani ba su iya ɗaurawa ba. To, ku ji daga bakin mai shi.

Kun taso kuna ganin wata Kirista mai farin lulluɓi tana faɗowa gidanku ta buɗe tukunya ba ta tambayi kowa ba, ana ce muku gwaggonku ce. Ga yadda aka yi. Babana Yohanna mutumin ƙasar Zuru ne, aikin gyaran magudanan ruwa a fadamar Wurno ya kawo shi. Uwata ta rasu ina jaririya, ko zama ban fara ba. Darni ɗaya ya raba gidanmu da na Malam Buhari, kakanku, a lokacin kuwa Inna Hajo tana goyon Umaru. An ce da ta gaji da jin kukana, sai ta miƙo hannu ta kan darni ta ce a ba ta ni. Babana ya miƙa, ba ta sake mayarwa ba. Nono ɗaya muka sha da ubanku, a baya ɗaya aka goya mu, bulala ɗaya ta tashe mu. Maza huɗu Allah ya ba ta, babu mace, don haka ni ce 'yarta, kuma duk wanda ya kuskura ya ce “'yar riƙo” a gabanta ya sayi faɗan da ba zai iya ba. Ba ta taɓa jan hannuna zuwa addininta ba. Da azumi tare muke cin sahur, ran Lahadi kuma ita ce mai tashina, ta cuɗe ni, ta gyara mini kitso, ta tura ni ɗan ɗakin da Kiristocin garin ke taruwa da katikis, malamin da ke koya mana addini.

“Tashi ki tai cocinku,” haka take cewa, “kada ubanki shi ce na lalata mai ɗiya.”

Tun ina ƙarama take tara mini kayan ɗaki. Duk shekara in an cire albasa da tafarnuwa, ta sayar da na ɗan fegin da Malam ya yanka mata, sai ta nufi kasuwar Acida ta dawo da abu ɗaya. Bana samira, baɗi langa, wata shekarar farantan tangaran. Na farkon da ta saya wata ƙatuwar kwalla ce fara mai jajayen furanni. Ƙarƙashin gadonta suke zama a naɗe cikin tsofaffin zannuwa. In ta so nishaɗi sai ta jawo su ta goge, ta jera a tsakar ɗaki tana kallo, ta ce ranar da za a kai ni sai matan Wurno sun riƙe baki. Ni kuwa in yi dariya in gudu.

Sau da yawa kun tambaye ni abin da ya kai ni shiga Sistoci, kuna jiran in ce na yi mafarki ko na ji murya daga sama. Ban ji komai ba. Wasu Sistoci ne suke zuwa daga Sakkwato awon jarirai, ni nake yi musu tafinta da matan gari. In rana ta take sukan ajiye komai su koma gindin bishiya su yi addu'a, su yi shiru na ɗan lokaci. Shirun nan ne ya kama ni. Na ga mata waɗanda ba sa jiran komai daga hannun kowa, na ji ina so in zama haka, kamar yadda mutum ke jin ƙishirwa ba sai an gaya masa ba. Na bi su, na yi shekarun gwaji, na koyi aikin ungozoma a hannunsu. Duk tsawon lokacin Inna tana gaya wa mutane karatun asibiti nake yi. Ta san gaskiya sarai, ta dai ƙi ɗaukarta ne. Samira kuwa ba ta daina saya ba.

Da lokacin alkawarina na ƙarshe ya matso, na je Wurno na same ta a tsakar gida tana ɓarar tafarnuwa. Na durƙusa na faɗa mata ba kwana-kwana.

“Inna, alkawalin ga da za ni ɗauka na har mutuwa na. Babu aure, babu haihuwa, babu abin da za ni ce nawa na. Inda anka ce in tahi, nan za ni.”

Ba ta ɗago kai ba.

“Wa ya ɓata maki rai cikin samarin garin ga? Hwaɗa mani in tai gidansu.”

“Babu kowa, Inna. Allah nika so in bauta ma.”

“Ani! Mu da munka yi aure, Shaiɗan muka bauta ma?”

Ta ci gaba da ɓara har tarin gabanta ya kusa ƙarewa, hawaye na ɗiga a kan ɓawon. Can ta tambaye ni ko a gidan Sistoci zan tsufa, daga can kuma za a ɗauki gawata. Na ce i.

“To, shi na gidanki,” in ji ta.

Na tashi ina murna, a zatona magana ta ƙare.

A babban coci a Sakkwato muka ɗauki alkawarin. Babana ne ya riƙe hannuna zuwa gaban bagade, teburin ibada. Inna ba ta shiga ba, ta shimfiɗa gyalenta a inuwar waje, ita da Umaru, ta zauna har aka tashi. Akwai wurin da ake sa mu kwanta rubda ciki a ƙasa, goshi a kan siminti, jama'a na kiran sunayen tsarkaka a kanmu suna roƙa mana taimako. A kwance a nan na miƙa wa Ubangiji abu uku, talauci da rashin aure da biyayya, na ce masa ban rage komai ba. Na tashi aka sa mini zobe, zuciyata wasai. A ranar na ɗauka rashin aure ne mai wuya. Ban san talaucin ne zai fara gwada ni ba.

Aka tura ni wani ɗan gidanmu na Sistoci da ke kusa da Goronyo, ƙasa da madatsar ruwa. Mu 'yan kaɗan ne, muna da ɗakin shan magani da wani ɗaki guda na haihuwa wanda babu komai a cikinsa sai tabarmi da wani tsohon bokiti mai tsatsa. Shugabarmu Mada Monika ce, mutuniyar Filato, doguwa, marar yawan magana. In ta ce a'a, to ka nemi wani zancen. Ɗakina kuwa gadon ƙarfe ne siriri, da ƙusa a bango ta rataye riga, da gicciye. Dokarmu a fili take. Sista ba ta da abin kanta, kyautar da aka ba ta ta gida ce, shugaba ke cewa inda za ta. Sashen da muke kwana kuma baƙo ba ya shiga, ko uwar da ta haife ki ce.

Wata safiya da hantsi, mun fito daga addu'a ina ba marasa lafiya magani, sai na ji guɗa. Na leƙa, ga a-kori-kura a ƙofar gida, an ɗaure gado mai rumfa a samanta, katifa a naɗe, turmi da taɓarya, buhun shinkafar Wurno, tulun man shanu, ga ƙullin kwanoni tuli. Matan unguwarmu na ta dirowa da sababbin atamfofi, Umaru a gaba kusa da direba yana sunkuyar da kai. Inna ta sauko a ƙarshe, ta sha lalle, fuskarta kamar ranar Sallah.

“Ina ɗakin ɗiyata?” in ji ta. “Mun zaka jere.”

“Inna, ai na hwaɗa maki babu abin da za ni ce nawa na.”

“Na ji babu miji, na haƙura. Amma ɗiya ba ta barin gida hannu sake awa wadda anka tsinto. Gidan da za ta mutu cikinai, da kayanta taka shiga. Kauce mu wuce.”

Mada Monika ta fito. Ta gaishe su cikin girmamawa, ta sa aka kawo ruwa da tabarmi, sannan ta kira ni gefe.

“Sista Talatu, kin san doka. Kayan nan ba za su shiga ɗakinki ba. Ba don na raina su ba. Dubi Sista Rosa, tun da ta zo gidan nan ko ƙwarya ba wanda ya taɓa kawo mata. In ɗakinki ya cika da samira, nata kuma ƙusa ɗaya, to mun daina zama 'yan'uwa. Zan iya gaya wa mamanki da kaina, amma ke kika yi alkawarin.”

Ina komawa Umaru ya tare ni. Ubanku tun yana yaro mai neman sulhu ne ko ta halin ƙaƙa.

“Talatu, ki rufa muna asiri. Roƙi shugabarku a bari su jera na yini guda, mata su gani su yi guɗa su koma. In sun tahi sai a kwashe a kai sito. Wa za shi sani?”

Ba zan ɓoye muku ba, maganarsa ta shige ni. Da na yi haka, da yau babu mai zagina a Wurno. Amma sai na tuna matar nan ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, ko irin wadda ake yi wa yaro don ya sha magani. Ta yi shekaru tana hana cikinta don ta sayi kwano, ni kuma in saka mata da jeren ƙarya, ta koma gida tana alfahari da ɗakin da babu shi? Ga kuma goshina da bai daɗe da tashi daga siminti ba. Na je na tsaya a bakin ƙofar sashenmu, na buɗe hannuwa na dafa gefe da gefe.

“Inna, ki gahwarce ni. Kayan ga ba su shiga ɗakina.”

Guɗa ta tsaya. Wata ta ce, “La ilaha illallahu, yau mun ga abu.” Wata ta ce dama abin da ba jininka ba ba ya zama naka. Inna ta matso har ina jin numfashinta. Ta ɗora hannu a ƙirjinta.

“Ke Talatu, diba nan. Ki tuna abin da kinka sha. Kada ki sa in ɗaga shi.”

Kun san abin da ake nufi in uwa ta ɗaga wa ɗanta nono. Babu sauran albarka, duniya da lahira. Ni Kirista ce, amma a Wurno na tashi, babu abin da nake tsoro a duniya kamar wannan. Na durƙusa a inda nake, amma ban saki ƙofar ba.

“In kin ɗaga, Inna, hakkinki na. Ni dai ba ni yi maki ƙarya, ba ni kuma yi ma Allah.”

Hannunta ya daɗe a wurin. Sannan ta sauke shi, ta fashe da kuka irin wanda ban taɓa ji ta yi ba, ko ranar da Malam Buhari ya rasu. Ku riƙe wannan da kyau, ta sauke hannun, ba ta ɗaga komai ba. Ta juya ta ce a sauke kaya. Umaru ya ce a mayar da su gida mana, ta ce kayan da suka fita da guɗa ba sa komawa Wurno tana raye. Aka jibge su a gindin dalbejiya, suka hau mota ba wadda ta yi mini sallama.

Shinkafa da man shanu Mada ta ce abinci ne, aka dafa wa marasa lafiya. Sauran kaya muka kai sito a ɗaure yadda Inna ta ɗaure su. Da yamma na je wurin Mada. Biyayya ba ta hana ki faɗin abin da ke ranki, in kin faɗa dai sai ki bi abin da aka yanke. Na ce mata ɗakin haihuwarmu ba gado, ba kwalla, ga kaya a kulle, me zai hana a sa su can?

“Na yi wannan tunanin,” in ji ta. “Amma mamanki ba gida ta ba, ke ta ba, ke kuma ba ki da hannun karɓa. In muka kwance igiyar nan mun ci amanarta. Sai in ita ta faɗa da bakinta. Ga makulli, ajiya ce a hannunki.”

Daga nan na sa ƙafa. Duk ranar da motar gidanmu za ta Sakkwato ɗauko magani, sai in roƙi izini a sauke ni a mararrabar Wurno. In yi sallama, Inna ta amsa, don ba ta iya ƙin amsa sallama. Ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma, ta zubo mini tuwo a kwanon baƙi mai murfi, ta ajiye ta koma ɗaki. Da zagina ta yi ko ta ɗauki muciya ta bi ni, da ya fi mini sauƙi. Ni da nake sa hannu a tukunya, yau ni ce ake rufe wa kwano. In na gama ci sai in durƙusa a ƙofar ɗakinta in roƙe ta ta ba ɗakin haihuwa kayan. Amsarta ɗaya ce kullum.

“Ɗiyata nit tara ma. Ban tara ma duniya ba.”

A hanya mata na nuna ni da baki. Wata ƙawata ta ƙuruciya ta tsallaka kwata don kada mu gaisa. Babana ma, da yake Kirista, ya ce mini, “Talatu, ni na haife ki, amma ita ke da ke. Ki san yadda za ki yi.” Damina ta faɗi ta wuce, aka yi girbi, aka dasa albasa, ina zuwa ina dawowa da amsa ɗaya. Da asuba in mun shiga ɗakin addu'a, 'yan'uwa na rera zabura, ni kuwa faɗa nake yi da Ubangiji a zuci. Nakan ce masa, Kai ka ba ni uwar nan lokacin da ba ni da kowa, Kai kuma ka kira ni gidan nan. Ba zan saki ko ɗaya ba, sai ka san yadda za ka yi da mu. Ban ji ya amsa ba. Abin da na sani, duk ranar da mota za ta tashi sai in sami ƙarfin shiga. Taurin kai kam a nono na sha shi, ita ma ta sani.

A ranin nan ne Umaru ya kama fili a ƙasan madatsa yana noman albasa, ya zo da uwarku Rabi da tsohon ciki, cikin fari. Da watanta ya kama, Inna ta biyo su don wankan jego. Ba ta tako gidanmu ba, ko da yake daga bukkarsu ana hango rufinmu. Sai ranar da naƙuda ta yi tsanani, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tun safe, Umaru ya ɗauko Rabi a amalanke, Inna na biye da ƙafa. Muka kwantar da ita a tabarma a kan siminti. Aka sha wuya, amma kafin azahar Allah ya sauke ta lafiya. Ke ce, Hajara. Kin zo da ƙaton kai da muryar da ta fi ki girma. Na yanke cibi, na jawo tsohon bokitinmu mai tsatsa, wanda aka toshe gindinsa da tsumma, na zuba ruwan ɗumi. Inna ta dafe mini hannu. Rabon da ta taɓa ni tun kafin ranar jere.

“Ke! Cikin wanga abu za ki wanke jikata?”

“Shi muka da, Inna. Duk ɗiyan da anka haihwa nan cikinai anka wanke su.”

“Ga kwalla can kulle cikin sito, ke kuma da makulli rataye ga wuya!”

“Ba tawa ba ta, Inna, ba kuma ta gidan ga ba ta. Taki ta. Ba ni da ikon kwance igiyar da kinka ɗaure.”

Ta dube ni, na dube ta. Kina ta tsala kuka a tsakaninmu, ruwa na zurara daga gindin bokiti yana bin siminti zuwa tabarmar da uwarki ke kwance. A tabarma ta gaba akwai wata Bafillatana da ta haihu da safe, ta naɗe ɗanta a gefen zaninta, tana kallonmu. Inna ta dubi matar, ta dubi ruwan. Sai ta fizge igiyar makullin daga wuyana har lulluɓina ya karkace.

“Ja'ira mai kan dutse,” in ji ta, ta fice.

Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Ta dawo rungume da farar kwallar nan mai jajayen furanni, ta ɗauraye ta, ta karɓe ki ta yi miki wanka da hannunta. Da ta gama ta zubar da ruwan, ta sake zuba wani, ta miƙa wa Bafillatanar hannu ta ce a ba ta yaron.

Bayan suna ta aika Wurno. Ba duk matan suka dawo ba, waɗanda suka ƙi zuwa su ne suka riƙe rabin labarin da ya iso gare ki. Waɗanda suka zo suka share ɗakin haihuwa, suka yi masa farar ƙasa, suka kafa gado mai rumfa, suka jera samira da langa da farantai a bango tun daga ƙasa har sama, kamar ɗakin kowace amarya. Inna ta tsaya a gaban Mada Monika ta faɗa da bakinta, kowa na ji, cewa ta ba gidan, duk macen da ta zo haihuwa ɗakinta ne. Sannan ta ce saura abu ɗaya, ba a jere babu amarya. Na dubi Mada. Matar nan da ba ta lanƙwasuwa ta ɗaga mini kai.

Inna ta kama hannuna ta zaunar da ni a bakin gadon, ta yafa mini gyalenta a kan farin lulluɓina. Aka rangaɗa guɗa. Ta yi mini faɗan da ake yi wa amarya, in yi haƙuri, in riƙe sirrin gida, in an ce yi in yi, in an ce bari in bari. Ta kama hannuna ta sa a na Mada.

“Ga amana nan. Tana da taurin kai, amma ba ta ƙarya. Allah shi yi mata albarka.”

Mada ta karɓa da hannu biyu, ta ce amin. Ni kuwa kuka nake yi a ƙarƙashin gyale, ina jin laushin katifar da aka yi shekaru ana tanada mini. Ban daɗe ina jinsa ba. Aka yi sallama a waje, an kawo wata mai naƙuda daga Giyawa a kan jaki, tana murƙususu. Inna ta yaye gyalenta daga kaina, ta buge mini kafaɗa.

“Tashi hakanan. Ba gadonki ba na.”

Zamana na farko ke nan a kan gadon, shi ne kuma na ƙarshe. Kafin damina ta sake faɗuwa aka ɗauke ni daga Goronyo zuwa wani gidanmu mai nisa, na ɗauki rigata da carbina na tafi, don haka na yi alkawari. Ina can Inna ta kwanta ciwon ajali. Kafin saƙo ya same ni in kamo hanya, an riga an kai ta. Wannan ciwon har gobe yana nan, ba kuma zan ce muku ya warke ba. Amma Umaru ya gaya mini, ku tambaye shi yana raye, cewa a kwanakinta na ƙarshe duk wanda ya zo dubiya daga wajen Goronyo sai ta tambaye shi mata nawa suka haihu a ɗakin ɗiyarta.

Bara na samu na koma Goronyo, duk da yadda hanyar ta zama sai da addu'a. Gadon an sake masa katifa ban san sau nawa ba, farantan tangaran sun ƙare, samira ta ragu. Kwallar tana nan. Furannin sun goge, bakinta ya ɓantare, an ɗora ta a kan wani benci da ruwa a ciki. Na sa hannu ina shafa ta. Wata Sista sabuwar zuwa, wadda ba ta san ni ba, ta leƙo ta ce, “Mama, a yi haƙuri a bar taɓawa, kayan masu haihuwa ne.” Na janye hannuna na ce ta yi gaskiya.

Don haka Hajara, in an kai ki ɗakinki, ki zauna a kan gadonki ki more shi, halalinki ne, kakarki ma haka za ta so. In kuma wata ta sake jan ki gefe ta ce an ɗaga wa gwaggonki nono, kada ki yi faɗa da ita. Ki ce mata ke ce aka fara wankewa a cikin kwallar.